Alamomin da ke kan haruffan Girkanci: wa ya ɗora su, wa ya sauke su?

Ɗan Seminari:
Salama jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga ɗan'uwanmu da ke karatu a Girka. A ajin Helenanci, wato tsohon Girkanci, da muke yi saboda Sabon Alkawari kusan kowace kalma tana ɗauke da kaya a ka, wata 'yar sanda ce ta jingina dama, wata ta jingina hagu, wata a lanƙwashe, ga kuma wasu 'yan waƙafi a farkon kalma ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Malaminmu ba ya furta yawancinsu amma ka bar ɗaya a jarrabawa ka ga yadda maki zai zube. To na leƙa wata jaridar Girka ta yanzu a intanet na ga babu su sam, 'yar sanda guda ce kawai ke yawo. Ina sauran suka tafi? In masu harshen sun zubar, mu wahalar me muke sha?

Bakanon Tasalonika:
Hhh sannu Ɗan Seminari, ciwon da ya dami yaran Girka shekara da shekaru ne ya iso kanka. Doka ce ta cire su a 1982. Tsohon tsarin sunansa politoniko, wato mai alamomi da yawa, na yanzu kuma monotoniko, mai alama ɗaya. A tsohon akwai na karin murya guda 3: oksiya (ά), variya (ὰ), da perispomeni (ᾶ). Sai na numfashi guda 2 da ake sa wa duk kalmar da ta fara da wasali, dasiya (ἁ) da ke nufin a fara da sautin h, da psili (ἀ) da ke nufin babu h. Sai wata 'yar ƙaramar i da ake maƙalawa a ƙarƙashin harafi (ᾳ), sai ɗigo biyu (ϊ). Yanzu abin da ya rage 'yar sanda ɗaya da ake kira tonos, da ɗigo biyun nan, shikenan.

Sarkin Gardama:
to ai dama kwalliya ce. alamar da aikinta shine ta gaya maka BABU wani sauti a nan, wannan wane irin zaman banza ne dan Allah

Malamar Harsuna:
Sarki ba kwalliya ba ce, ranar da aka ƙirƙiro su aiki suke yi. Kuma mu Hausawa mun fi Bature saurin gane wannan magana, don tsohon Girkanci yana da karin sauti. Ba dai irin namu sak ba, mu kowace gaɓa da nata karin, su kuwa gaɓa ɗaya ce a kalma murya ke hawa a kanta. Oksiya tana nuna inda murya ta hau. Perispomeni tana nuna murya ta hau ta sauko a cikin dogon wasali ɗaya, kusan abin da muke kira faɗau a ajin Hausa, kamar kai na jiki, saɓanin kai na "kai ne". Variya kuma ita ce har yau malamai ke gardama a kanta, abin da aka sani dai shi ne oksiya ta ƙarshen kalma tana komawa variya in wata kalma ta biyo ta ba tare da aya ko waƙafi ba.

Amma ga abin mamakin. Zamanin su Aflatun da Aristotil ba a rubuta ko ɗaya daga cikinsu. Manyan baƙaƙe zalla, ba ko tazara tsakanin kalmomi, rubutu a manne tun daga farkon layi har ƙarshe. Mai harshe ba ya buƙata, kunnensa ya sani.

Ɗan Seminari:
Anti to ya aka yi aka san da karin murya suke magana, tunda ba rikoda?

Malamar Harsuna:
Su da kansu suka faɗa. Sunayen ma daga kiɗa aka aro su, oksiya "mai kaifi", variya "mai nauyi", yadda suke kiran siririyar murya da babbar murya. Diyonisiyus na Halikarnasus da ya zauna a Rum wajen ƙarshen ƙarni na 1 kafin Miladiyya ya bayyana har iya nisan da murya ke hawa. Sannan akwai waƙoƙin yabon gunkinsu Apolo da aka sassaƙa a dutse a Delfi a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, da alamun kiɗansu a saman baitoci, in ka duba sai ka ga gaɓar da ke da oksiya ita ce waƙar ke ɗagawa, ba a yarda wata gaɓa a kalmar ta fi ta hawa ba. Mawaƙin Hausa ma haka yake yi, ba ya karya karin kalma don kiɗa sai dai in yana son a yi masa dariya.

Akwai ma labarin da nake so. A shekara ta 408 kafin Miladiyya ana nuna wasan Orestis na Yuripidis a Atina, wani ɗan wasa mai suna Hegelokus ya zo baitin da jarumin ke cewa bayan guguwa ya sake ganin kwanciyar teku. Kalmar γαλήν' ce, sai ya furta ta γαλῆν, murya ta hau ta sauko. Ma'ana ta koma: bayan guguwa na sake ganin wata 'yar dabba mai kama da tunku. Filin wasa ya ɗauka, masu wasan barkwanci suka yi ta jan sa da ita shekaru, shi ya sa ma har yau muka san sunansa. Kenan talakan da ke zaune a can baya yana jin bambancin da kunnensa.

Sarkin Gardama:
bawan Allah shekara sama da 2400 ana masa dariya akan tunku 😂

Malam Mai Nahawu:
Assalamu alaikum. Na karanta abin da Malama ta rubuta, Allah ya ƙara basira. Ni ban karanci Yunananci, wato Girkanci, ba amma labarin bai zo mini baƙo ba. Larabawa ma da farko ba wasali ba ɗigo suke rubutu. Sai da Musulunci ya yaɗu, ajamawa suka shigo, lahani ya fara yawa a karatu, sannan Abul Aswad Addu'ali ya sa ɗige-ɗige da jan tawada don nuna wasali, daga baya Khalil bin Ahmad ya kawo siffofin fataha da kisira da rufu'a da muke gani. Har yau in ka buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na alarammominmu za ka ga baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Ina zaton su ma Yunanawan baƙi ne suka sa su dole.

Malamar Harsuna:
Allah gafarta Malam kusan haka ne. Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar, Girkanci ya zama harshen mulki da kasuwa tun daga Masar har iyakar Indiya. A babban ɗakin karatu na Iskandariya aka tara littattafan da, kuma waƙoƙin Homer a lokacin sun riga sun tsufa da ɗaruruwan shekaru, cike da kalmomin da ba a ji a kasuwa. Wanda aka fi jingina wa ƙirƙirar alamomin shi ne Aristofanis na Bizantiyum, shugaban ɗakin karatun, wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya. A lura ba shi ne Aristofanis mai wasan barkwanci ba, suna ne ya zo ɗaya. Kuma ba ko'ina ake sa su ba, a tsoffin takardun da aka tono a Masar sai ka ga nan da can ne, galibi a waƙa, inda mai karatu zai iya tuntuɓe. A ƙarni na 2 Miladiyya wani Herodiyan ya rubuta katafaren aiki juzu'i 20 a kan karin kalmomi, aka ce ya bi kalma wajen 60,000, yawancin ƙa'idojin da ke wahalar da Ɗan Seminari daga wurinsa suka gangaro.

Inda na ce kusan, Malam, shi ne nan. Wasalin Larabci har gobe ana furta shi. Su kuwa Girkawa bakinsu ya canja. Zuwa wajen ƙarni na 4 Miladiyya karin ya tafi, sai danna gaɓa ɗaya da ƙarfi irin na Turanci, bambancin dogon wasali da gajere ya tafi, sautin h ma ya bi su. To sai a ƙarni na 9, da marubutan Rumawan Gabas suka koma rubutu da ƙananan haruffa, sannan aka fara ɗora wa kowace kalma alamarta ba fashi. Wato lokacin da aka wajabta su, sautin da suke nunawa ya daɗe a kabari.

Ɗan Seminari:
Tsaya tsaya. Kenan Bulus da ya rubuta wa Tasalonikawa wasiƙa bai sa ko ɗaya ba??

Malamar Harsuna:
Ba a rubutu haka a zamaninsa. Nemi hoton Kodeks Sinaitikus na ƙarni na 4, yana intanet kyauta, manyan baƙaƙe ne a jere kamar an zuba. Abin da ke cikin bugun da kuke karantawa aikin masu kwafi da editoci ne na baya.

Bakanon Tasalonika:
Wannan ita ce hujjar da masu monotoniko suke dukan abokan gardamarsu da ita har yau. In aka ce musu kun yanke mu daga kakanni sai su ce waɗanne kakannin, Aflatun bai taɓa ganin perispomeni da idonsa ba.

Tsohuwar da nake haya a gidanta ta yi firamare tun kafin a canja. In ta rubuta mini takardar cefane har yanzu da alamominta cif, ta ce hannunta ne ke sawa ba ita ba. Amma ita da bakinta take ba ni labarin yadda aka sa su haddace jerin kalmomin da ke ɗaukar dasiya kamar karatun allo, don ba yadda za a yi kunne ya gaya maka, ἅγιος da ἀγάπη duk da a suke farawa a baki, ɗaya na da dasiya ɗaya psili. Sai kuma batun dogo da gajere: γλῶσσα harshe da perispomeni, amma γλώσσης da oksiya saboda gaɓar ƙarshe ta zama doguwa, doguwa a takarda fa, a baki duk tsawonsu ɗaya. Kuma α da ι da υ ba a gane dogo ne ko gajere daga siffarsu sai dai a gaya maka. Ta ce ranar shifta cikinta har ciwo yake.

Anti Malamar Firamare:
Ni nan na tsaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 'yan aji biyu da alli a hannu ba zai goyi bayan wannan azaba ba. Yaro yana fama ya haɗa baƙi da wasali, ka ce ya haddace tsawon da ba ya ji, numfashin da ba ya yi, don wani mutum a Iskandariya. Ɗan mai kuɗi a kawo masa malamin lesin, ɗan manomi a ce daƙiƙi ne. Sun kyauta da suka cire, sun ma makara.

Malam Mai Nahawu:
Hajiya a yi haƙuri, ba a rushe katanga don yaro ya kasa hawa. Harshen da ke da littattafai na shekara dubu biyu da ɗoriya ba kamar kowane harshe ba ne. Yaron da aka saukaka wa yau, gobe in ya ɗauki littafin kakansa zai gan shi kamar na wata ƙasa. Mu ma i'irabi da wuya, ba wanda ke magana da shi a kasuwar Alƙahira, amma ba mu ce a zubar ba.

Anti Malamar Firamare:
Malam i'irabi yana canja ma'ana kuma ana karanta shi a fili. Psili fa? Sarki ya yi tambaya tun ɗazu ba wanda ya amsa masa.

Malamar Harsuna:
Bari in amsa. A tsohon rubutun Atina harafin H sautin h yake. A 403 kafin Miladiyya birnin ya karɓi haruffan Iyoniyawa, wani reshen Girkawa, a hukumance, su kuma ba su da h a karin harshensu, sun mayar da H dogon wasali, shi ne harafin "ita" da ake rubutawa η. Sai h ya rasa gida. A wasu garuruwan Girkawa na kudancin Italiya aka raba H biyu aka ɗauki ɓarin hagu ├ don h, malaman Iskandariya suka ɗauke shi suka ɗora a saman wasali, ɗaya ɓarin ┤ kuma ya zama alamar babu h. Da tafiya ta yi tafiya suka lanƙwashe suka zama 'yan waƙafin nan. A rubutun da ba tazara psili na da ɗan amfani, ko ba komai tana nuna maka nan kalma ta fara. Bayan an fara raba kalmomi kam gaskiya ni ma ban ga aikinta ba.

Dasiya ce ba zan yarda a raina ba. ὄρος dutse, ὅρος iyaka. εἰς zuwa cikin, εἷς ɗaya. Kuma sawunta na nan a Girkancin yau, jarida εφημερίδα ce, daga epi da imera wato rana, p ɗin ya koma f ne saboda h da ke farkon kalmar rana a da. Yaron da bai san dasiya ba ba zai gane dalili ba sai dai ya haddace. H ɗin da ke farkon sunan Homer da Herodotus a rubutun Turawa ma ita ce.

Malam Mai Nahawu:
To kin gani Hajiya.

Anti Malamar Firamare:
Na gani Malam, a koya wa ɗan sakandare da zai karanci tsohon harshe, kuma ai ana koya musu ko ba haka ba Bakano? Ba ɗan shekara bakwai ba.

Bakanon Tasalonika:
Haka ne Anti, tsohon Girkanci darasi ne a sakandare kuma da politoniko ake buga shi, ba wanda ya taɓa Homer. Cocin Otodoks ma da shi take rubutunta, akwai tsohuwar jarida Estia da ta ƙi canjawa, da wasu mawallafa da mawaƙa, Elitis da ya ci kyautar Nobel a 1979 bai bar tsohon tsari ba. Ba a hana kowa ba, makaranta da takardun gwamnati ne aka canja.

Amma ku sani a ƙasar nan maganar harshe ba ta tsaya a aji ba, siyasa ce tsagwaronta. Tun kafuwar ƙasar a ƙarni na 19 harshe biyu ke tafiya, Katarevusa wadda aka "tsarkake" aka kusantar da ita ga na da, ita ce ta gwamnati da kotu da jami'a, da Dimotiki ta bakin mutane. A 1901 da wata jarida ta buga Linjilar Matiyu cikin harshen talakawa ɗalibai suka fito zanga-zanga a Atina, mutum 8 suka mutu, gwamnati ta faɗi. Saboda fassara fa. Sojojin da suka yi mulki daga 1967 zuwa 1974 suka rungumi Katarevusa, wannan ya ƙara ɓata mata suna, shi ya sa bayan sun faɗi, a 1976 gwamnatin Karamanlis, ta masu ra'ayin riƙau ma, ta mayar da Dimotiki harshen makaranta. Daga nan alamomin suka zama abu na gaba, don wasu kalmomin Dimotiki ba su ma wanzu a zamanin da ba balle a ce wasalinsu dogo ne ko gajere, ƙa'ida kawai ake ƙaga musu.

Ɗan Damagaram:
Ina wuninku. Ni abin da na taɓa ji shi ne har kotu aka kai wani malami a kan wannan, gaskiya ne ko ƙari?

Bakanon Tasalonika:
Gaskiya ne ɗan'uwa, sai dai kwamitin ladabtarwa ne ba kotun alƙali ba, amma sunan da ya bi abin shi ne shari'ar alamomi. Yowanis Kakridis, farfesan tsohon Girkanci a Jami'ar Atina, ya buga wata laccarsa da alama ɗaya, abokan aikinsa suka kai ƙararsa cewa yana rushe harshen ƙasa. Ka duba lokacin: 1941 zuwa 1942, Jamusawa sun mamaye birnin, yunwa na kashe mutane a titi, manyan farfesoshi suna zaune suna shari'a a kan perispomeni. Aka dakatar da shi wata 2. Kuma mutumin nan masanin Homer ne, ba wanda zai ce don bai iya ba ne.

Sarkin Gardama:
malaman jami'a duk duniya halinsu daya wlh

Malamar Harsuna:
Sarki ina jin ka fa.

Malam Mai Nahawu:
To shi na 1982 ɗin an yi shawara da malamai ko 'yan siyasa ne suka yanke?

Bakanon Tasalonika:
Nan ne Malam za ka samu abin riƙewa. Akwai kwamiti na masana ƙarƙashin Emanuwil Kriyaras, babban malamin harshe ne na nan Tasalonika. Amma yadda aka wuce da shi a majalisa har yau ana gori. Watan Janairu 1982, gwamnatin Andreyas Papandreu ba ta daɗe da hawa ba, aka cusa shi a matsayin gyara cikin wani ƙudiri na harkar makarantu, cikin dare, 'yan adawa suka fice daga zauren, 'yan kaɗan da suka rage suka amince. Masu kishin politoniko sun ce abin da ya shekara fiye da 1,000 ana rubutawa an kashe shi cikin dare ɗaya. Ɗaya ɓangaren su ce wane dare ɗaya, tun 1814 mawaƙi Vilaras ya buga littafi ba alama ko ɗaya, an fi shekara 150 ana wannan magana, variya ma mutane da yawa sun riga sun daina sa ta, ga masu ɗab'i da masu tafireta da suka gaji.

Malam Mai Nahawu:
Abin da aka yi da dare ana gudun idon mutane akwai lauje cikin naɗi. Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba.

Ɗan Damagaram:
Malam ko da rana aka yi sai an yi faɗa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun gani, a 1990 aka ce 'yar hular nan ta kan i da u ba dole ba ce a kalmomi da yawa, ba wanda ya kula, sai 2016 da littattafan firamare suka fara bi Faransa ta ɗauki zafi kamar an taɓa tuta. Kuma ita ma hular yawanci s ce da ta mutu take tunawa, forêt da can forest ce. Alamomin Faransancin ma ai sunayensu da siffarsu daga na Girkawan nan aka aro.

Sarkin Gardama:
to ni tambayata, tunda sun fara zubarwa me yasa basu zubar duka ba? mu gashi muna rubutu ba alama ko daya kuma muna ganewa. gari na zama da gari na tuwo, kuka na hawaye da kuka ta miya, waye ya taba rudewa

Anti Malamar Firamare:
Kai da ko ƙugiya ba ka sawa. "daya" ka rubuta, "rudewa" ka rubuta. Ka zo ajina ka ga yaro ya karanta ƙasa a matsayin kasa ka ga ko ba a ruɗewa.

Sarkin Gardama:
Anti wayata ce bata da su 🙈

Bakanon Tasalonika:
Sarki wadda suka bari tana aiki ne sosai, ita kunne na jin ta. πότε POte yaushe, ποτέ poTE har abada a'a. νόμος doka, νομός lardi. γέρος tsoho, γερός ƙaƙƙarfa. άλλα waɗansu, αλλά amma. δουλειά aiki, δουλεία bauta, wannan har barkwanci suke yi da ita ranar Litinin. Kuma wurin dannawa yana yawo a kalma ɗaya, άνθρωπος mutum amma ανθρώπου na mutum, ba ya dai wuce gaɓa uku na ƙarshe. Abin da ya ba ni mamaki da na fara gane shi, mafi yawan kalmomin da aka gada gaɓar da Herodiyan ya ce murya na hawa ita ce yau ake dannawa, wurin bai motsa ba yanayin ne ya canja. Ga baƙo irina kuwa tonos rahama ce, kalmar da ban taɓa ji ba zan karanta ta daidai.

Kalma mai gaɓa ɗaya ba a sa mata, sai 'yan kaɗan don rarrabewa: ή ko, η kuma ta nuna mace; πού ina da πώς yaya in tambaya ce, που da πως in ba tambaya ba. Wani lokaci kalma ta ɗauki biyu, ο άνθρωπός μου mutumina.

Ɗigo biyun ma ba wasa ba. αι ana karanta shi e, in aka sa ɗigo biyu a kan ι sai a raba su a-i. παιδάκια pedakiya 'yan yara, παϊδάκια pa-idakiya haƙarƙarin rago gasasshe. Akwai gidan gashi kusa da mu da aka rubuta ΠΑΪΔΑΚΙΑ da alli a allo bakin ƙofa, in an rubuta da manyan baƙaƙe zalla ana barin tonos amma ɗigon nan ba a barin sa, in ruwan sama ya wanke shi mai gidan da gudu yake fitowa ya mayar. Shayi kuwa τσάι, tunda tonos na kan α an san a rabe suke ba sai an sa ɗigo ba.

Malamar Harsuna:
Sarki ya taɓo wani abu amma. Mu karinmu da ransa, tsawon wasalinmu da ransa, boko bai rubuta ko ɗaya ba, sai a ƙamus da littattafan nazari, kuma alamun da muke sawa can jikokin na Iskandariya ne, variya a kan karin ƙasa, 'yar hula a kan faɗau. Ajami ma ya fi boko nuna tsawon wasali. Ba na cewa a ɗora wa jarida su, mai harshe na ganewa daga jimla yadda mutumin Atina ke ganewa a da. Wanda nake tunani jikan Bahaushe ne da aka haifa a Kumasi ko Jidda ko Landan, ya ga baba a takarda bai san uba ba ne ko baba ta rini.

Ɗan Damagaram:
Kafin a kai can a fara daidaita 'y da ƴ, mu a Nijar ƴaƴa muke rubutawa ku 'ya'ya, harshe ɗaya iyaka ta raba mana harafi.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Hujjar wahalar ɗab'i ta mutu fa, Unicode na da sashe guda na musamman don politoniko, gurbi 256, kowane wasali da duk haɗin alamominsa har irin ᾧ mai hawa uku. A Windows ma akwai kibod ɗinsa sai dai ka kunna. Matsalar da aka samu ita ce an ba tonos lamba daban an ba oksiya lamba daban alhali abu ɗaya ne, to wani lokaci ka nemi kalma a fayil kana ganinta da idonka kwamfuta ta ce babu. Kuma abin dariya bayan duk wannan faɗan, da wayar hannu da imel suka zo ba haruffan Girka a ciki samari suka koma rubuta harshensu da haruffan Latin, Griklish suke ce masa, ba tonos ba komai, har Akademiyar Atina ta fitar da sanarwar gargaɗi a 2001.

Bakanon Tasalonika:
Ya ragu yanzu tunda wayoyi sun samu haruffan, amma a chat da yawa ba sa sa tonos ɗin ma sai in waya ta sa musu. Ƙannen Sarki ne.

Anti Malamar Firamare:
To Malam ka ji, ko an bar musu guda bakwai ɗin a waya ba za su sa ba.

Malam Mai Nahawu:
Rashin yin sallar wasu ba ya sa a rage raka'a Hajiya. A bar abu a littafi, mai himma ya same shi.

Anti Malamar Firamare:
Sallah Allah ya saukar, wannan kuwa ma'aikacin laburare ne ya ƙirƙiro, kar ka haɗa su Malam.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Bakano wani abu, na sa kibod ɗin Girka yanzu ina gwadawa, maɓallin da ke kusa da L in na danna ba ya fitar da komai, ya lalace ne?

Bakanon Tasalonika:
Lafiyarsa lau, shi ne tonos. Danna shi sannan ka danna wasalin, zai fito da ita a kai. In ka haɗa da shift ɗigo biyu zai ba ka. Alamar tambayarsu kuma (;) ce, ba (?) ba, tana kan Q.